Wa Ya Cinye Ƙofofin Baya?

Jiya da hantsi ina cikin layin mai, na kai awa uku ina tura motata taku ɗaya taku ɗaya, sai ga wayar maƙwabcina Tela. Wai in bar komai in zo filin gwanjo, ya ga mota. Na ce, "Layin fa?" Ya ce, "Ai ko gobe ka dawo za ka same shi inda ka bar shi." Ban yi musu ba, don gaskiya ya faɗa.

Kada ku ce me ya haɗa ni da duba mota. A unguwarmu ni ne masani, ba don komai ba sai don tawa ta fi ta kowa lalacewa. Babu ƙarfen cikinta da ban taɓa gani a hannun makanike ba.

Shi kuwa Tela ba son burga ne ya kai shi ba. Mahaifiyarsa, Inna, gwiwoyinta sun ƙi. Duk mako sai an kai ta asibiti, keken haya kuma ya yi ta jijjiga ta cikin ramuka, ta dawo gida da ciwon da ya fi wanda ta tafi da shi. Shekara biyu yana ɗinki yana tari don ya sama mata abin hawa. Ita ma ta biyo shi filin, ta ce ba za a sayi motar da ba ta zauna a ciki ba. Na same ta kan benci a inuwa, tana matsa gwiwa.

Gani ya kori ji. Mota ce ja wur, sai sheƙi take, ta kwanta ƙasa-ƙasa har kaza ba za ta iya shigewa ƙarƙashinta ba. Jami'in gwanjo, wani mai tumbi da fayil a hammata, ya ce an sayo ta ne wa Mai Girma Shugaban Kwamitin Ƙirga Ramukan Titi, domin aikin zagaye. Nan take na cire hula don girmamawa. Wannan ai hangen nesa ne, jama'a. Babbar mota takan tsallake rami ba ta sani ba, amma wannan ko ramin gara ta taka sai ta ji shi a cikinta. Allah ya ƙara wa Mai Girma basira.

Na shiga aiki yadda aka saba. Na harbi tayoyi huɗu, duk suka rama. Na ƙwanƙwasa jikinta in ji ko an taɓa bugawa an shafe. Na danna hon, don motar da ba ta da murya a titinmu marainiya ce. Na buɗe bonet, na zaro sandar baƙin mai, na murza a yatsa na shinshina, na gyaɗa kai kamar na fahimci wani abu. Da aka tayar da ita ta yi wani ruri, tattabarun filin suka watse, ni kuma na ji tausayin duk wanda zai riƙa ba ta mai. Lambar tafiyarta kaɗan ce ƙwarai. Da alama duk ramukan da aka ƙirga suna tsakanin gidan Mai Girma ne da wurin shan iskarsa.

Ina cikin wannan bincike sai na lura Tela yana ta zagaya motar. Ya zagaya sau uku yana shafa gefenta, sannan ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Yallaɓai," ya ce wa jami'in, "ina ƙofofin baya?"

"Waɗanne?"

"Mota ai ƙofa huɗu gare ta. Ga biyu. Ina biyun?" Ya juyo gare ni. "Ka gani ko? An cinye kwalta mun yi shiru, an cinye fitilun titi mun ce Allah ya isa. Yanzu har ƙofa? Kuma dubi yadda aka like wurin aka shafe da fenti, ko tabo babu!"

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni ma da ake kira masani na durƙusa na leƙa, na ce lalle wanda ya yi wannan walda ƙwararre ne.

Abin da ya fi ba ni dariya, jami'in bai musa ba. Gumi ya keto masa, ya shiga buɗe fayil. "Ni dai haka na karɓe ta," in ji shi. "In ma an cire, to waɗanda suka gabace mu ne. Amma ku kwantar da hankalinku, za a kafa kwamiti."

Sai da wani tsoho mai gadin filin ya gama dariyarsa, har da riƙe ciki, sannan ya matso. "Bayin Allah, babu wanda ya ci komai. Haka aka ƙera ta. Ta mutum biyu ce, mai ita da wanda yake so." Ya kwantar da kujerar gaba ya nuna mana ta baya, wadda ko jakar zaren Tela sai an lanƙwasa za ta shiga. Wallahi jami'in ya fi mu mamaki. A ganina ranar ce ta farko da aka zargi ofishinsu da abin da bai ci ba.

Inna ta ce ita dai a zaunar da ita. Ni da Tela muka sauke ta cikin motar a hankali, kamar masu zura guga a rijiya. Mai gadi ya danna wani maɓalli, ashe kujerar ɗumi take yi. Jim kaɗan sai muka ga Inna ta lumshe ido ta miƙe ƙafa.

"Kai, Tela," ta ce, "ashe akwai irin wannan a duniya? Tun da uwata ta haife ni, yau ne kuɗin gwamnati ya taɓa jikina."

Ni dai abin ya sosa mini rai. Tela ya tsuguna ya gwada tsakanin cikin motar da ƙasa da tafin hannunsa, yatsa huɗu. Ya kalle ni, na kalle shi. Mu biyun mun san ramin bakin layinmu, wanda ya taɓa haɗiye baro da kayansa. Araha ba ta ado. Ko kyauta aka ba shi, motar nan ba za ta kai ƙofar gidansu ba, balle asibiti.

"Inna, tashi mu tafi," ya ce a hankali.

"Bar ni minti biyar."

Jami'in ya ce lokacin dubawa ya ƙare, akwai manya a hanya. Shiga ta yi sauƙi, fita ce ta zama aiki, sai da mai gadi ya kama mana. Da ta fito ƙafafun suka ƙi ɗaukarta, Tela ya juya ya durƙusa ya goya ta, suka nufi bakin titi neman keke. Ina bin su da takalmanta a hannu na ji tana ce masa, "Bayanka ma da ɗumi, ɗan nan. Girgizar ce dai ta yi yawa."

Don haka ina roƙon Masu Girma, Allah ya ja zamaninsu, in za a sake sayo irin wannan mota kada a wahalar da ita da zagaye. A ajiye ta a ƙofar asibiti kawai, tsofaffinmu su riƙa shiga bi da bi suna gasa gwiwa kafin likita ya iso.