Yadda Za Ka Gyara Kilim ɗin Motar Kapiten Ba Ka Kwana a Kaso Ba

Kai direban gwamnati, matso kusa. Ka murɗa kilim, na'urar sanyin motar, ya ƙi hura ko iskar da za ta ɗaga gashin kaza? Share guminka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin la'asar iska za ta fito. Hanya ce gwadaddiya: Tanimu mutumin Tasawa, mai jan mota 504 ta wata ma'aikata a nan Yamai, ita ya bi bana, shekarar farin nan da sojoji ke riƙe da ƙasa, kuma ga shi nan yana yawo da ƙafafunsa.

Mataki na 1: Fara da tuna laifinka

Kafin ka taɓa ko waya ɗaya, binciki zuciyarka. Kilim ba ya mutuwa haka kawai.

Tanimu ya san nasa. An hana fita da motar gwamnati a kan harkar kai, amma ran Asabar ya saka rabin buhun jar dawa a gaba, ya kai wa surukarsa Kande, wadda fari ya koro daga ƙauye da jikoki huɗu, suka kafa bukka bayan unguwar Yantala. Buhun ya huje a hanya. Ya share motar, ya ce ba wanda ya gani.

Mataki na 2: Ɗora wa rana

Ran Laraba Kapiten Mahamadou, sabon shugaban ma'aikatar, ya zauna a baya. Tanimu ya murɗa. Shiru. Gumi ya fara zana taswira a kakin mai gida.

"Shofer, ina iskar?"

"Mon kapiten, tana fitowa. Zafin bana ne ke shanye ta kafin ta iso baya."

"Ƙarfe uku za mu fita. In ba ta iso ba, kai ma ba za ka isa gidanka ba."

Ka lura, wannan matakin ba ya gyara komai. Lokaci yake saya maka.

Mataki na 3: Mari, sannan lallashi

Ka zabga wa tablo, allon nan na gaban direba, mari uku. Injin Turawa yana jin mari. In ya ƙi, zaro fizibil, wato fis ɗin wuta, ka ɗaga shi sama, ka ƙura masa ido kamar ka san abin da kake nema, ka hura masa iska, ka mayar. Tanimu har tofi ya yi masa. Abin da ya samu shi ne wani ɗan kuka daga ciki: tsuwit!

Mataki na 4: Ruga Kalley

Nemi Isaka, Bazabarmen makaniken da ke ƙarƙashin itacen bedi a unguwar Kalley, kamar yadda Tanimu ya yi. Ya kwanta rigingine ƙarƙashin tablo da turnabis, abin kwance noti, a baki, ya kwance fankar. Sai ga tsumma, ga takardar ofis a gutsittsire, ga ɓera ƙato, ƙosasshe, ya diro ta kan ƙirjinsa ya shige kasuwa.

Isaka ya tashi yana riƙe ciki don dariya. "Kai, Tanimu! Duk Yamai wannan kaɗai ya yi ƙiba bana. Rumbu ya gina maka! Bari in busa bututun, dawa ce cike. Awa ɗaya."

"Uku saura kwata, Isaka. Ɗaure kawai!"

"Kala suuru, haƙuri dai, aboki. Ko gwadawa ba za mu yi ba?"

Kada ka gwada. Gwani ba ya gwaji.

Mataki na 5: Murɗa shi har ƙarshe

Wannan karon Kapiten gaba ya zauna, don ya ji da fuskarsa. Tanimu ya yi bismilla ya murɗa.

Jama'a, iska ta zo! Ta zo da ƙaiƙayi, ta zo da ƙura, ta zo da jar dawa tana feshi ratatata kamar an buɗe wuta a bariki. Kapiten ya duƙa da sauri irin na wanda aka horar. Sojan bakin ƙofa ya faɗi rub da ciki. Dawa a gashin baki, dawa a aljihu, dawa cikin takalmi. Amma fa, a faɗi gaskiya, da sanyinta.

Mataki na 6: Faɗi gaskiya, tunda ƙarya ta ƙare

Kapiten ya tsinci ƙwaya ɗaya daga kunnensa, ya jujjuya ta.

"Motar gwamnati ta fara noma?"

Tanimu ya buɗe baki. Ya zayyana komai: rabon gidansa ne ya raba biyu, ga Kande, ga jikokin da suka kwana biyu suna shan ruwan tafasa.

Kapiten ya dubi dawar da ta watsu. Sai ya cire hularsa ya miƙa.

"Tsince. Duka. Bana ba a zubar da hatsi."

Suka duƙa su uku har da sojan ƙofa, suna tsinta, ma'aikata na leƙe ta taga suna cusa hannun riga a baki. Hula ta kusa cika.

"Kai wa tsohuwar," in ji Kapiten. "A ƙafa. Gobe da jibi ma a ƙafa za ka zo aiki. Ran Asabar kuma kai ni bayan Yantala da takardar izini, in ga mutanen nan da ba wanda ya rubuto mini labarinsu." Ya dubi tablo. "Kuma kashe abin nan kafin ya fara jefo wake."

Tanimu ya taka har Yantala da hular kapiten cike da dawa a hannu, yana dariya shi kaɗai, 'yan sanda na ƙame wa hular.

Gargaɗi

Ni dai iska na yi alkawari, ta kuwa fito. In naka ɓeran tsakuwa ya tara, ko naka kapiten bai taɓa jin yunwa ba, kada ka aiko matarka gidana da kuka. Ban san ka ba, ban taɓa ganin 504 ba, kuma keke nake hawa.