Jar Mota da Goro Biyu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta lokacin kaka ba, kuma ko da na so in manta, mutanen wani ƙauye da ke bayan Kebbe ba za su bar ni ba. Har yau idan na je, akwai tsohuwar da takan tambaye ni lafiyar mota kafin ta tambayi lafiyar yara.

Bari in fara da motar. Ƙarama ce, ja jawur, mai ƙofa biyu, irin wadda ake ƙerawa don samari masu son a gan su alhali aljihun bai cika ba. 'Yar Kwatano ce, ta sha hannu kafin ta iso gare ni, amma fentinta na ƙyalli, ba ta shan mai, kuma idan ka ɗaga gilashi ka kunna sanyi sai ka manta a Tambuwal kake. Babur ɗina na sayar, na haɗa da adashin da na kwasa na sayo ta. A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare (ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba), kuma ni ne na farko cikin sa'o'ina malamai da ya rabu da babur. Ranar da na kawo ta gida, Innarmu ta fito ta zagaya ta sau ɗaya, ta sa albarka, sannan ta tambaye ni ina sauranta.

Ban damu ba, don na riga na kamu. Sau biyu nake wanke ta a rana. Na hana cin gyaɗa a ciki, na hana rake, na ƙi cire ledar da ke jikin kujeru har ta fara yagewa da kanta. Makaniken da ya duba mini ita ya ja kunnena cewa cikinta a ƙasa yake, motar kwalta ce, kada in kuskura in kai ta inda babu titi. Na ce masa to, irin to ɗin da ɗalibaina suke ce mini.

A wannan shekarar nake neman Luba. Tana zaune wurin gwaggonta a unguwarmu tana karatun ungozoma, mun daidaita da ita, saura mahaifinta. Malam Altine ake ce masa, manomi ne mai shanu, kuma ban taɓa sa shi a ido ba. Ya aiko cewa ba zai karɓi magabatan kowa ba sai ya ga mutumin da idonsa tukuna. An ce ya taɓa sallamar wani manemin yayar Luba don kawai ya gaishe shi a tsaye. Ke nan wannan gaisuwa ɗaya ita ce za ta ba ni Luba ko ta raba ni da ita, kuma ina son yarinyar nan son da har abinci yake hana ni ci.

Luba ta riga ni tafiya gida da kwana uku. Kafin ta tafi ta roƙe ni abu ɗaya.

"Malam, don Allah ka aje motag ga cikin Kebbe. Baba ya ce za shi turo babura su ɗauke ku. Ba shi son ɗagawa."

Na ce mata kada ta damu. A raina kuwa cewa nake, ta yaya mutum zai sayar da babur ya sayi mota, sannan ranar da ta fi kowace rana a rayuwarsa ya isa gidan surukai a bayan babur ɗin wani, yana riƙe da hula? Na riga na gama hango komai: na tsaya a ƙofar gida, na fito a hankali, 'yan mata na leƙe ta saman danga, ƙawayen Luba na zungurinta.

Na sha farar shadda mai sitaci, na ɗauki abokina Bashiru a matsayin ɗan rakiya, muka sa tsaraba a but: sabulu, sukari, da ƙwaryar goro guda, ɗari cif, farare zaɓaɓɓu. Har Kebbe lafiya lau, in ban da ramuka da suka riƙa gaisawa da cikin motar. A bakin tasha muka ga matasa biyu a kan babura suna duban hanya, da gani su ne aka turo. Bashiru ya ce in tsaya. Na ce masa ai yanzu na fara jin daɗin tuƙi, na ƙara ɗaga gilashi muka wuce su. Ya ce ban san hanya ba. Na tuna masa abin da nake koyarwa.

Gab da ƙauyen akwai wani rafi da ya ƙafe, sai farin rairayi shimfiɗe sumul. Sawun babura ya bi ta gefe ya yi dogon zagaye, ni kuma na ga gidajen ga su can tsallake, sai na yanke. Ban yi nisa ba motar ta fara nishi. Na taka totur, ta ƙara nutsewa. Na sa ribas, ta zauna daram. Ashe saman ne kawai ya bushe, ƙarƙashin danshi ne da laka, abin da na sha zana wa 'yan aji biyu a allo da alli mai launi.

Muna cikin wannan hali wani tsoho ya gangaro daga gona. Riga 'yar shara ce a jikinsa duk ta sha ƙasa, da malafa, da lauje a kafaɗa. Ya yi mana sannu, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce ko amalanke ba ya biyowa nan sai rani ya yi nisa. Bai jira an roƙe shi ba ya ajiye lauje ya kama tura tare da Bashiru. Ni kuwa ina ciki, don kada shadda ta ɓaci. Na sake taka totur da ƙarfi, tayar baya ta kwaso laka ta watsa wa tsohon tun daga gemu har gwiwa. Kuma abin da ya fito daga bakina, Allah ya yafe mini, shi ne in ce masa ya riƙa turawa ta wajen bamba, kada zobensa ya karce fenti.

Ya share gemunsa, ya dube ni, ya tambayi inda muka nufa da wannan 'yar abu. Da na yi shiru a nan, da labarin ya zo da sauƙi. Amma bakina ya riga ya buɗe.

"Gidan Malam Altine za mu, Baba. Ɗiyatai nika nema. An ce tsohon akwai tsauri, amma in yag ga motag ga, magana ta ƙare."

"Hakanan na?" in ji shi. "To, Allah shi sa shi gani."

Ya ce mu jira. Jim kaɗan ya dawo da bijimai biyu na noma, bokolo, manya, da igiya mai kauri. Ya kwanta a cikin lakar nan da kansa ya ɗaura ta a ƙarƙashin motar, ya yi wa shanun magana a hankali, suka ja sau ɗaya, motar da na sayar da babur saboda ita ta fito salin alin kamar an zare ƙaya. Sai dai salansa ta zauna a rafin, injin kuma ya ƙi tashi ko da na roƙe shi. Tsohon ya ce ba komai, tunda igiya na ɗaure, bari shanun su ƙarasa da mu, ya san gidan.

Na ji daɗin kirkin mutumin nan ƙwarai, na ga ya kamata in yi masa ihsani. Na buɗe but, na kwance ƙwaryar goron surukina, na zaɓi guda biyu (ƙanana na zaɓa, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce) na miƙa masa da hannu ɗaya. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa a aljihu.

Haka muka shiga gari: tsoho a gaba, shanu na biye, jar mota na biye da shanu, ni ina riƙe da sitiyari kamar wani abu nake yi. Lokacin an fito sallar Azahar, hanya cike da mutane. Sai na ga duk inda muka gifta maza na cire takalmi suna rusunawa, mata na durƙusawa. Na ce a raina, ka ga mutanen da suka san darajar mota. Na sauke gilashi na fara ɗaga musu hannu. Bashiru ya matse mini cinya, ya ce a hankali, ba mu ake gaisarwa ba. Na ce masa hassada ce.

Muka tsaya a ƙofar wani babban gida mai rumbuna a jere. Tsohon ya ce mu shiga zaure mu zauna, zai yi mana sallama da mai gidan. Muka cire takalma, muka zauna a kan tabarma, na gyara hula, na shiga bitar gaisuwar da na haddace. Can sai ga mai gida ya fito cikin farar riga da rawani, da carbi a hannu. Na durƙusa har ƙasa. Da na ɗago, idona ya faɗa kan zoben azurfar da ke yatsansa, zoben da na ce kada ya karce mini fenti. A gefen gemunsa kuma akwai sauran laka da ruwa bai kai ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Gumi ya karyo mini har sitacin shaddar ya saki. Na nemi gaisuwar da na haddace na rasa ko kalma ɗaya, sai "ina wuni" nake ta maimaitawa, ya amsa sau uku, a na huɗun ya ƙyale ni. Bashiru ne ya yi ƙarfin hali ya tura tsarabar gabansa. Malam Altine ya buɗe ƙwaryar goron, ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙananan nan guda biyu, ya ɗora su a sama.

"Ga sauran, kada a ce kun kawo ba cikakka ba," in ji shi. Sannan ya ƙara da cewa, "Mota kau na gan ta. Ni da shanuna duk mun gan ta."

Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya sa aka kawo fura da nono, na kasa sha. Ya tambayi lafiyar iyayena, ya yi mana addu'a, ya sallame mu, bai ce uffan a kan Luba ba. A bayan baburan nan da na wuce a tasha aka mayar da mu Kebbe, ina riƙe da hula. Motar kuma aka bar ta a gindin wata bishiyar bedi, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Kwana shida Luba ba ta neme ni ba. Na kira, ta ɗauka sau ɗaya, ta ce ita ba abin da za ta ce, ta faɗa mini tun farko. Na ji muryarta na san ta yi kuka, wannan ya fi lakar da igiyar ƙona mini rai. Na tabbata na rasa ta, kuma ba wani ne ya ƙwace mini ita ba, ni na kai kaina. Innarmu da ta ji labari ba ta tausaya mini ba ko kaɗan, cewa ta yi wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho. Amma ita ce ta ce in koma da ƙafata in ba da haƙuri, ko an ba ni ko an hana ni, don laka a gemun dattijo ba a barin ta ta kwana biyu.

Asabar ta zagayo na hau kabu-kabu ni kaɗai, cikin tsohuwar rigar da nake zuwa makaranta da ita. Na sauka tun daga bakin rafin na taka da ƙafa. Duk tsohon da na gamu da shi sai na cire takalmi na durƙusa, har da wani da ya zo sayar da igiyar shanu daga wani gari, wanda ya tsorata ya ɗauka roƙo zan yi. Na sami Malam Altine a gona ana ɗaurin dawa. Na durƙusa a cikin kunya, na ce masa na yi wauta, na raina shi ban san shi ba, kuma ko da ba shi ne mahaifin Luba ba abin da na yi bai dace ba. Ya ci gaba da ɗaurinsa kamar bai ji ba. Da na ga haka sai na naɗe hannun riga na kama kai dammuna bakin amalanke. Na ɗauki shida, na bakwai ya kayar da ni (alli kawai hannun ya sani), ma'aikatan suka juya baya suna dariya a ɓoye.

Sai da aka gama ya zauna a kan dami, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

"Rannan mota ta taz zo," in ji shi. "Yau kai na kaz zo. Ka turo magabatanka."

Na sunkuyar da kai don kada ma'aikatan su ga hawaye, amma sun gani, kuma sun ƙara shi cikin labarin.

Bayan biki, cikin kayan garar da aka kawo, tsakanin buhun gero da tulun man shanu, aka sami wata igiya mai kauri a naɗe da kyau. Mai kawo kayan ta ce Baba ya ce wannan ba ta amarya ba ce, ta mota ce. Har yau tana cikin but. Motar ma tana nan, ta sami sabuwar salansa, Luba ce ta fi tuƙa ta zuwa asibiti, kuma yara na cin gyaɗa a ciki yadda suka ga dama.

Abin da na koya bai da yawa. Idan za mu ƙauye, a Kebbe nake ajiye ta in hau babur. Kuma duk tsohon da na gani da malafa da lauje, nakan sauka in gaishe shi a durƙushe, in ba shi babban goro da hannu biyu, don ban san 'yar wa ɗana zai nema ba.