Yadda Za Ka Tsara Ɗakin Girkin Matarka Irin na Ofis

In kai akawu ne a Kaduna, kana hawa keke zuwa ofis da farar riga, amma ɗakin girkin gidanka yana nan kamar na ƙauye, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan shida, na tabbatar maka cikin mako uku unguwa duka za ta san sunanka. Ba ƙago su na yi ba. A wurin maƙwabcina na gan su, Malam Yusha'u na Unguwar Kanawa, wanda a daminar 1956 yake neman a ba shi riƙon ɗakin fayil na ofishinsu, ya kuma ƙudura sai babban akawu ya gani da idonsa cewa tsari a jininsa yake.

1. Kada ka tambayi mai girki

Shekara tara matarsa Rahmatu tana tuƙa tuwo a ɗakin nan, saboda haka idonta ya saba, ba za ta ga abin gyara ba. Kai da ba ka shiga sai in za ka ɗebi garwashin guga, idonka sabo ne. Malam Yusha'u ya jira ta tafi bikin suna a unguwar Abakpa, ya shiga da rula.

2. Sauke duk abin da ke rataye

Ragayar ƙwarya, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kuka, duk abin da ke lilo bisa murhu, sauke shi. Za a ce maka hayaƙi ne yake hana su danshi da ƙwari. Toshe kunnenka. Ka taɓa ganin an rataye fayil a hayaƙi?

3. Kira kafinta

Sa ya yi maka kabad mai kanta biyar, a auna da tsayinka, ba nata ba. A dasa shi a ƙasa, can kusurwar da ta fi nisa da wuta, inda bango yake da sanyi. Zuba kome a gwangwani, manna takarda, sannan ka jera bisa harafi kamar yadda ake yi a ofis. Barkono da daddawa da gishiri su ne a sama, ludayi da muciya a tsakiya, yaji a ƙasa. In sai ta kife turmi ta hau kafin ta kai ga gishiri, wannan motsa jiki ne, kyauta ka ba ta.

4. Sa kwaɗo, riƙe makulli

Nan ne ake gane ƙwararre. Kullum da safe Malam Yusha'u yakan buɗe, Rahmatu ta ɗebi na yini, ya kulle, ya jefa makulli a aljihu. Sau ɗaya ta yi magana.

"Malam, in baƙo ya zo fa?"

"Baƙo ya sanar tun jiya," in ji shi. Amsar ta yi masa daɗi ƙwarai, har ya maimaita ta a majalisa.

5. Gayyato babban akawu

Zaɓi Asabar, ranar da ake tashi da azahar. Malam Yusha'u ya gayyato babban akawunsu, Malam Abdurrahim, cin tuwo. Da safen nan hankalinsa yana kan gugar riga, ya fice bai buɗe kabad ba. A hanyar dawowa yana tura keke yana bayanin kanta ɗaya bayan ɗaya, makulli na ƙara a aljihunsa, bai ji ba. Sai da suka shigo lungu ya ga kowane gida na hayaƙi ban da nasa. Nan ya tuna da makulli.

6. Buɗe a gaban baƙo

Kada ka ja da baya. Gidan ba kowa, don haka ya shigar da baƙon har ɗakin girki, ya buɗe kwaɗo. Gwangwanayen baya, waɗanda mako uku ba a taɓa ba, daddawarsu ta yi furfura, kuka ta dunƙule. Gara ta cinye ƙafa guda, kabad ya rusuna ya zuba wa babban akawu barkono a takalmi. Takardun kuwa suna nan tsaf, ko harafi bai goge ba.

Suna atishawa a zaure sai ga akushi an turo, tuwon dawa da miyar kuka mai man shanu. Malam Abdurrahim ya tashi da malmala uku, ya tambayi daga wace kanta wannan ya fito.

Daga bayan asabari Rahmatu ta ce, "Ranka ya daɗe, a gidan Malam Tanko na ofishinku muka yi, ni da matarsa Dije. Nasu kayan a ragaya suke."

Ran Litinin aka miƙa wa Tanko makullin ɗakin fayil. Malam Yusha'u ya ji zafin abin har ransa. Da la'asar shi ya hau turmi yana mayar da ragaya, Rahmatu na nuna masa wurin da muciya.

Sanarwa

Alkawarin da na yi shi ne unguwa za ta san sunanka, kuma ta san nasa. In miya ta yi funfuna, ko matsayi ya wuce ka, ba ruwana, ban san ka ba. Mai son ganin kabad ɗin ya zo, yana bayan gida, kajin Rahmatu na ƙwai a kantar barkono. Makulli har yau yana hannun Malam Yusha'u.