Almakashin Mai Girma

Kafin kowa ya san intanet ɗin asibitin unguwarmu ya mutu, ni na ga fitar ransa. Ina tsaye jikin taga ranar da Mai Girma Uban Buɗe-buɗe ya zo ƙaddamar da ɗakin kwamfuta. An ɗaura jan ƙyalle a bakin ƙofa, wani mai neman suna ya naɗe wayar da ke shigo da sabis a cikin ƙyallen, wai kada ta ɓata hoto. Mai Girma ya sa almakashi, ƙat, ya haɗa da ƙyalle da waya. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, don ban taɓa ganin aikin da aka buɗe aka kuma rufe a lokaci guda ba.

Ban taɓa zama a aji ba, amma ba a rufe ni a daji aka tono ni jiya ba. Babbar mota ta kife da ni na fito ina karkaɗe riga. Maciji ya sare ni, shi aka binne.

Idon tsohuwata, uwar 'ya'yana, ne ya mayar da ni asibitin. Yanar ido ta rufe na hagu, na dama yana bin sawu. An ɗauki hoton idon, saura a tura wa likitan babban asibiti ya sa mata ranar aiki. Turawar ce ta gagara.

Kwamfutar tsohuwa ce, tsarin da ke cikinta ma waɗanda suka ƙera shi sun daina amsa gaisuwarsa. Mai kula da ita ya kashe ya kunna. Ya zare wayar baya, ya hura, ya mayar. Ya danna inda take binciken ciwonta da kanta. Ta yi dogon tunani, ta fito da rubutu, ya rufe da sauri kamar ya ci karo da surukinsa.

Na ce, "Ɗana, me ta ce?"

"Baba, tsufa ke damunta."

"Ni ma tsoho ne. Me ta ce?"

Ya leƙa waje, ya rage murya. "Ta ce a duba waya. Baba, kowa ya gani. Amma in na ce waya ta yanke, za a ce wa ya yanke ta. Ina da iyali."

Aka turo kwamiti, Allah ya saka musu. Sun tsallake guntun wayar suka shiga, suka tsallake suka fita, suka ba da shawarar a sayo sababbin kwamfutoci a gayyato Mai Girma ya sake buɗewa. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya ce, "Haɗa ta bai kai ɗinkin maɓalli wuya ba. Amma tunda hannun Mai Girma ba ya kuskure, wayar lafiyarta lau."

Ranar da tsohuwata ta durƙusa ta gaida rigata da ke rataye, ta ce, "Malam, yau ba ka amsawa?", ranar na ɗauki sandata sai ofishin shugaban asibiti.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na yanke wayar nan."

Fuskarsa ta washe. "Da me, Baba?"

"Da haƙori."

Ya kalli bakina, inda 'yan haƙoran da suka rage ba sa ko gaisawa da juna, ya ce lallai biri ya yi kama da mutum, shi ma ya daɗe yana zargina.

Kafin rana ta karkata an haɗa waya, tsohuwar kwamfuta ta yi tari ta tura hoto. An yi wa tsohuwata aiki. Ni kuma an hana ni taka harabar asibitin, mai gadi yana kirana Ɓera, an ce Mai Girma da kansa ya yi tir da masu ɓarna irina.

Wanda ke ganin ƙarya nake yi, ƙofata a buɗe take. Ya zo ya faɗa a gaban tsohuwata. Yanzu tana gani tar, kuma ba ta manta fuska.