Cindo da Maɓallan Makarantar Dogon Marke

A garin Dogon Marke, daura da masallacin Juma'a, akwai wani gida mai ƙofar langa-langa inda Cindo yake zaune da matarsa Lantana da awaki uku. A gidan nan Lantana ce gaba wajen tunani, awakin na biye mata. Cindo mutum ne da bai taɓa saɓa umarni ba, kuma nan masifar take. In ka ce masa ya tsaya nan, ka je Makka ka dawo, nan za ka same shi. Shekara uku ya yi a aji uku a hannun Malam Haladu, tsohon hedimasta, wanda har gobe yake cewa alli bai taɓa yin asara irin wannan ba.

To, firamaren garin za ta cika shekara sittin. Kwamitin tsofaffin ɗalibai ya sa Ramlatu, 'yar yayar Cindo da ke aikin kwamfuta a Kano, ta haɗa wa makarantar shafin intanet. Ta jera hotuna ɗari biyu layi-layi kamar gidajen dara, ta aro wani shiryayyen rubutun kwamfuta na JavaScript, ta sa maɓallai shida a sama: Malamai, Ɗalibai, Gine-gine, Wasanni, Lambu, Mamata. Kowane hoto ana ba shi laƙabi. In ka danna maɓalli, masu laƙabinsa su tsaya, sauran su ɓuya. Kwamiti ya yanke cewa ranar biki za a haska shafin a majigi, a danna "Malamai", duk fuskar da ta fito a kira mai ita a ba shi lambar girma. Wanda bai fito ba, sai ya tafa wa wasu.

Saura mai sa laƙabi. Da yake Cindo yatsa shida gare shi a hannun dama, kwamiti cikin zurfin hikimarsa ya ga babu wanda ya fi shi dacewa da kwamfuta.

Wata rana Ramlatu ta kira shi a waya ta ce, "Kawu, abin da ya fi yawa a cikin hoto, shi ne laƙabinsa. Ka gane?" Ya ce ya gane sarai, ya ɗauko rula. Hoton Malam Haladu a gaban ofis aka ɗauke shi. Cindo ya auna: ofis inci huɗu, Malam inci ɗaya da rabi. Da Malam ya danna "Malamai" a wayarsa, ya ga har Malam Sabo, wanda ya yi wata bakwai kacal ya gudu sayar da taki, amma shi da ya yi shekara talatin da huɗu babu shi. Can ya tsinci kansa a "Gine-gine", tsakanin rijiya da makewayi.

"Kai Cindo, ni gini ne?"

"Allah ya gafarta Malam, ba ni na ce ba. Rula ce."

"Rular da ni na koya maka riƙe ta!"

"Shi ya sa ban yi kuskure ba, Malam."

Malam ya koma gida ya kawo hoton da babu kowa a ciki sai shi, wanda aka ɗauka ranar da ya gama kwalejin horon malamai, baƙi da fari, kai cike da suma. Aka sa shi a madadin na farko.

Wata rana Ramlatu ta so ta rage wa kawunta wahala. Ta ce, "Kawu, hotunan nan marasa launi na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne. Duk ka zuba su a Mamata." Ya zuba, bai bar ko ɗaya ba. Bayan kwana biyu Alhaji Barau, direban tirela kuma tsohon ɗalibi, ya taso tun daga Funtuwa yin ta'aziyyar Malam Haladu. Ya yi sallama, sai ga mamacin ya fito da buta a hannu. Alhaji ya ja da baya har ya taka kaza.

"Innalillahi! Malam, ashe ba ka…"

"Ban yi ba. In ma zan yi, ba Cindo ne zai sanar ba."

Kafin la'asar mutum goma sha ɗaya suka zo gaisuwa. Malam yana ciki ya ji wani ta bayan katanga yana cewa, "Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, sai dai zafin hannu." Ya saɓa babbar riga ya nufi gidan Cindo.

"Ga ni a gabanka ina numfashi!"

"Ina gani, Malam. Amma ba a ce in duba numfashi ba. Launi aka ce."

"Cire min laƙabin nan yanzu, kuma kada ka sake sa min komai da kanka!"

Wata rana, saura kwana uku biki, Malam ya zauna ya danna maɓallan nan shida ɗaya bayan ɗaya. Cindo ya cire laƙabin, kuma bai sa komai da kansa ba. Malam ba ya cikin masu rai, ba ya cikin mamata, ko ginin ma ya rasa. Ya rubuta wa kwamiti takardar koke shafi huɗu da jan biro. Shugaban kwamiti ya karanta layin farko ya ce wannan sha'anin kwamfuta ne, a ga Cindo. Malam ya je, ya kama kunnen mutum mai shekara arba'in.

"Saurara da kyau. Duk inda na yi wa makarantar nan aiki, nan za ka sa ni. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Shi Malam "Malamai" yake nufi, kamar yadda ko akuyar Lantana za ta gane. Cindo kuwa ya ɗauki littafi da fensir, ya bi gida-gida yana yi wa tsofaffi tambayoyi.

Wata rana, ita ce ranar bikin, aka rufe tagogin babban aji aka kunna majigi. Shugaba ya danna "Malamai". Hoton Malam Haladu ya fito, Malam ya saki ajiyar zuciya. Don a burge baƙi, shugaba ya danna "Gine-gine". Fuskoki suka watse, saurayin nan mai suma bai motsa ba. "Lambu", yana nan tsakanin bishiyoyi. "Wasanni", yana nan. "Ɗalibai", yana nan. "Mamata", yana nan daram. Aji ya kece da dariya. Malam ya miƙe, takardar koke ta biyu a hannunsa.

"Cindo! Me na ce maka?"

Cindo ya buɗe littafinsa. "Cewa ka yi duk inda ka yi aiki, Malam. Baba Mati ya ce kuna 'yan ajin farko ku kuka ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar ajin nan. Shekarar da iska ta yaye kwano, kai ka hau ka buga. Dalbejiya arba'in, kai ka dasa. Ƙwallo, shekara ashirin kana hura usur."

"Mamata fa?"

"Malamai tara ne a ciki. Inna Kulu ta ce duk taran kai ka shiga kabari ka karɓe su."

Dariya ta ɗauke. Alhaji Barau ya cire hula ya sunkuyar da kai. Malam Sabo mai taki ya shiga duban takalminsa. Shugaba ya kira sunan Malam Haladu kafin na kowa, aji duka ya miƙe tsaye.

Malam ya karɓi lambar, ya juya ta gaba da baya kamar mai duba jarrabawa, sannan ya ɗago.

"Kai Cindo. Shekarar da maigadi ya rasu, wa ya yi wata biyar yana tsaron makarantar nan?"

"Kai ne, Malam. Yana cikin littafi. Maɓallin gadi ne babu."

Malam ya juya ga kwamiti, ya zaro jan biro daga aljihu.

"To, a ƙara. Ina jira."

Har yau yana jira, kuma duk ranar Litinin sai takardarsa ta isa gidan shugaba.