Annobar da Na Gano a Rassan Gawo

Ba zan taɓa mantawa da damanar da na kusa sa a sassare itatuwan wani ƙauye a Kurfai ba, wai da sunan ceton su.

Zamanin mulkin soja ne. Na gama lakwal, wato makarantar boko, ke nan aka turo ni Filinge, ƙaramin ma'aikacin gandun daji. Kakina sabo fil, hula a karkace (tafiyata ma sai da na canza ta). Wata rana ina zagaye a bakin fadama, sai na ga wasu ƙananan abubuwa manne a rassan gawo da aduwa. Wasu ruwan ɗorawa, wasu toka-toka kamar busasshen kunu, wasu da ƴan kofuna da ba su kai ƙwayar gero ba. Murna ta kama ni. Na gano sabuwar cuta!

Na tara mutane, na ce duk reshen da ke da abin nan a sare a ƙone. Maigari, dattijo mai sanyin magana, ya ce, "Ɗana, gawon ga shi ka ciyar da bisashenmu da rani. Abin ga kuwa tun muna ƙanana muke ganin shi."

"Baba, wannan magana ce ta ilimi," na ce (Allah ya yafe mini).

Ya roƙi a jira shugabanmu na gandun daji ya zo. Na yarda, don dama so nake a ga aikina. Na rubuta rahoto shafi huɗu, kalmar "annoba" na ja mata layi biyu.

Da shugabanmu ya iso, garin kaf ya biyo mu fadama, wasu da gatura a kafaɗa, fuska ba walwala. Ya karya ɗan reshe, ya ɗora masa gilashin ƙara girma, ya daɗe yana kallo. Ni kuwa na gyara tsayuwa ina jiran yabo.

"Iri biyar a reshe guda, gwanin sha'awa," in ji shi. Sannan ya dube ni. "Ranar da aka koyar da darasin liken, barci kake?"

Ya bayyana wa jama'a cewa abin nan da ake kira liken ɗan tsiro ne mai kama da gansakuka, zama kawai yake a kan ɓawo, ba ya cutar da itace. Yawansa ma alama ce ta iska mai kyau.

Wata tsohuwa ta ɗaga murya, "To ɗana, iskar ma a ƙone ta?"

Dariyar da aka yi har awaki sai da suka watse. Na rasa inda zan sa kaina.

Maigari ne ya kama hannuna. "Zo mu ci tuwo. Shekara saba'in ina ganin su, ban san iri biyar ba ne sai yau."

Ba a sari ko reshe ɗaya ba. Daga baya na sayi gilashina, na ƙirga iri tara a fadamar, kuma tun ranar ba na ba da umarni sai na tabbata babu tsohuwa a kusa, ko kuma na tambaye ta tukuna.