Ranar da Verb Ya Tafi Cirar Gyaɗa

Ko me zan manta a aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba a wata 'yar firamare da ke ƙauyen da ake kira Turawa, kusa da Karaye, ba. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, aka tura mu koyarwar gwaji. Tsarin a fili yake: malami zai zo daga kwaleji ba sanarwa, ya zauna a bayan aji ya kalli darasi, ya ba da maki. Wanda ya faɗi kuwa sai baɗi, ya sake biyo ƙannensa.

Ni faɗuwa ba ta ma cikin tunanina. Tun ina sakandare matan layinmu a Rogo Sabon Gari suke ce min Baturiya, saboda ni nake karanta musu saƙon waya da katin asibiti. (In kalma ta fi ƙarfina sai in haɗe rai in ce ai rubutun likita ne, shi kaɗai yake gane abinsa.) Don haka da hedimasta ya ce Turancin aji biyar zan ɗauka, har murna na taya yaran a zuciyata, na ce yau Allah ya kawo musu malama.

A gidan gwaggona da ke Karaye na sauka, kullum da safe in hau babur zuwa makaranta, da jakata da takalmi mai tsini. Darasin da ya faɗo min shi ne rabe-raben kalmomin Turanci guda takwas: noun, pronoun, verb da sauran 'yan uwansu. Sati guda cur ina zuba Turanci a gaban allo, yara sun fi hamsin sun zuba min ido. Wasunsu Fulatanci da Hausa duk a bakinsu, amma nawa yaren ko gezau. In na ce sun gane, su haɗa baki su ce "Yes, Malama." In na tambayi mutum shi kaɗai, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin riga.

Abin da na lura da shi, yaran nan akwai kai wajen hadda. In ka rera musu abu sau uku da karin murya, ya zauna. Nan dabara ta zo min, dabarar da na yi ta jinjina wa kaina a kanta har cikin barci. Na zaɓi yara takwas masu baki, na raba musu kalmomin, kowa da tasa. Wannan ya haddace ma'anar noun da misalai uku, waccan ta haddace ta pronoun, haka har na takwas. Sauran ajin kuma na ba su aiki mai sauƙi.

"Duk tambayar da na yi, kowa ya ɗaga hannu," na ce musu. "Kun ji ko? Kowa da kowa. Ni na san wanda zan kira."

Da yake sunaye hamsin sun yi min yawa, kuma gaskiya ban ga amfanin wahalar da kaina ba, sai na riƙa kiran takwas ɗin nan da sunan rabonsu. "Noun, goge allo." "Adjective, rufe taga." Kafin sati biyu sunayen sun bi su har filin wasa. Na taɓa jin ana kawo ƙara wai Conjunction ta cinye wa Pronoun awara. Na yi dariya, na ce lallai ilimi ya shiga gari.

Ranar Larabar nan ina tsakar rubuta kwanan wata sai hedimasta ya leƙo ya ce na yi baƙo. Wanda aka turo shi ne wani dattijon malaminmu da ɗalibai ke ce wa Jan Biro, don an ce bai san tausayi ba in ya zo ba da maki. Na durƙusa na gaishe shi, yara suka miƙe suka gaishe shi, ya je can baya ya zauna a gefen benci ya buɗe littafinsa. Ko ɗar ban ji ba. Na ga dai ajin ya ɗan yi sarari, don lokacin cirar gyaɗa ne kuma iyaye kan riƙe yara a gona, amma ban tsaya duba su waye babu ba.

"What is a noun?"

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Na ɗan zaga ido kamar mai neman wanda za ta zaɓa, sannan na nuna Noun. Ya miƙe ya kwararo abinsa tsaf. Pronoun ma ta yi nata ba gargada. Na saci kallon Jan Biro na ga yana rubutu, sai na ƙara gyara tsayuwa, na ƙara wa muryata yanga.

"What is a verb?"

Hannuwa suka sake tashi. Na duba bakin taga inda Verb ke zama, wayam. Na duba gaba, na duba baya, babu shi. Ga hannu sama da arba'in a sama, amma na san duk wanda na taɓa ba komai a ciki. Ina cikin tunanin in tsallake zuwa adjective, sai Jan Biro ya yi gyaran murya.

"Malama, ga wata yarinya nan kusa da ni, tun farkon darasi hannunta yana sama ba ki kira ta ba. Ki ba ta dama mana."

Yarinyar ta miƙe, 'yar siririya da ita, ta gyara hijabi. Ta dube ni cikin ladabi, da fuskar mai son taimako.

"Malama, ni ba ki ba ni ko ɗaya ba. Verb ne da wannan, kuma ya tafi cirar gyaɗa."

"To, 'yata, me ya sa kika ɗaga hannu?" in ji Jan Biro.

"Malama ce ta ce kowa ya riƙa ɗagawa, ita ta san wanda za ta kira."

Nan take wani ya ƙara daga gaba: "Adverb ma ya bi shi, gonarsu ɗaya." Wata ta ce Preposition kuma ta kai wa babanta fura wajen kiwo, amma yanzu za ta dawo. Duk da zuciya ɗaya suke faɗa, wai suna fitar da ni kunya. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, da ni da takalmin mai tsini.

Jan Biro bai yi dariya ba. Ya rufe littafinsa, ya yi min tambaya a hankali.

"Shi wannan Verb ɗin, yaya sunansa na gaskiya?"

Wata ɗaya da rabi ina tare da yaro, ban san sunansa ba. Ajin ne ya haɗa baki ya ce, "Sagiru."

Dattijon ya taso ya karɓi alli a hannuna. Da Hausa ya tambaye su, "Yanzu Sagiru me yake yi a gona?" Suka barke: yana tona, yana cira, yana kakkaɓewa, yana ɗauka. Wani ya ce yana ci ma. Ya rubuta kowacce a allo, ya sa Turancinta a gefe, ya ce duk waɗannan su ne verb, wato aikin da mutum ke yi. Ya dubi yarinyar nan ta baya, wadda na ji ya kira Hansai don ya riga ya tambayi sunanta, ya ce ta kawo nata. Ta ce "tatsa," ta ce kuma tana son ta san Turancinsa. Cikin minti biyar ya gama abin da na yi sati shida ina yi wa kwalliya.

A bakin ofishin hedimasta na tsaya gabansa, hawaye na neman kufce min. Na riga na ga kaina a Rogo ina yi wa matan layinmu bayanin yadda Baturiya ta faɗi Turanci.

"Ranka ya daɗe, a yi min afuwa."

"Yau ban rubuta miki maki ba," ya ce, "don ban ga darasi ba, wasan kwaikwayo na gani. Zan dawo bayan sati biyu. Ni zan riƙa nuna yaro, ke ki faɗi sunansa, sannan ki yi masa tambaya."

Sati biyun nan rajistar aji na mayar littafin haddata. Na ajiye takalmin, na sauko da Turancin ƙasa, muka riƙa kwaso misalai daga gona da garke. Da ya dawo na haye, da maki ɗan daidai wanda ban taɓa nuna wa kowa a gida ba.

Yau shekaruna da yawa a aji, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. Amma ranar farko ta kowace shekara ba na taɓa alli sai na bi benci-benci na ji sunan kowa. Ni ce fa na yi sati shida ina rera wa yara cewa noun shi ne sunan mutum, alhali a cikin mutum hamsin da ke gabana ban riƙe sunan ko guda ba.